Kurakuran da ke ɓata littafin zane-zane tun kafin ya hau inji

A littafin zane, hoto shi ne uban tafiya, rubutu ɗan rakiya ne kawai. Yawancin ɓarnar da ake ɗora wa maɗaba'a kuwa tun a gida aka tafka ta.

Daga ɗaukar hoto ake fara kuskure. Sai a jingine zane a bango, a kunna filas, a ɗauka da waya. Tsakiya ta yi ƙyalli, gefuna su yi duhu. Abin da ya kamata shi ne fitila biyu iri ɗaya, dama da hagu, kowacce a karkace da digiri 45, kyamara kuma a kafe daidai tsakiyar zanen. A ajiye katin launuka a gefe domin mai gyara ya san ainihin kalar. Amma aikin da ke da tudu da kwari, irin ɗinkin aska takwas na babbar riga ko zanen bangon gidajen Zariya, wannan haske yakan shafe shi ya zama fili. Irinsa ana ƙarfafa fitila ɗaya ne daga gefe, inuwa ta fito da zaren.

Sai girman hoton. Bugu yana buƙatar dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, a girman da hoton zai fito. Shafi mai santimita 24 da 30 na cin ɗigo wajen 2,900 da 3,600. Hoton da ya bi ta WhatsApp an riga an matse shi, kuma buɗa shi a kwamfuta ba ya dawo da abin da ya zube. A nemi na asali.

Launi ne ke jawo rigima mafi zafi tsakanin mai littafi da mai inji. Allon kwamfuta da haske yake nuna launi, wato RGB (hasken ja, kore da shuɗi), inji kuwa tawada huɗu gare shi, CMYK (shuɗiya, ja, rawaya da baƙa), kuma akwai launukan da tawadar ba ta iya kaiwa. Shuɗi ne kan gaba. Rinin shuni irin na Ƙofar Mata yakan koma ruwan hoda mai duhu ko shanshanbale idan jar tawada ta yi yawa a haɗin, sai a rage ta. Baƙi ma haka: babban fili da baƙar tawada kaɗai yakan fito toka-toka, dole a shimfiɗa masa sauran launuka a ƙasa, amma idan aka haɗa kason tawadar huɗu, kada jimillar ta wuce kashi 300 cikin ɗari a takarda mai santsi, in ba haka ba shafi zai shafi ɗan'uwansa kafin ya bushe. Ƙananan rubutu kuwa baƙar tawada zalla. Duk wannan ba a gane shi a allo. A biya kuɗin gwajin bugu a kan takardar da za a yi aikin da ita, a duba shi da hasken rana kusa da zanen. Masu tsallake wannan don rage kuɗi su ne ke sake bugu.

Takarda mai giram 80 ta littafin karatu ce, hoton baya na leƙowa ta cikinta. A nemi giram 150 zuwa 170, kuma marar ƙyalli ta fi daɗin kallo.

A haɗin littafi, gam kaɗai ba ya riƙe takarda mai kauri. Littafin ba ya buɗuwa sosai, in an danne shi shafuka su fara zarewa. Ɗinki da zare ne maganinsa, kuma tunda ana naɗe takarda shafi 16 ko 8 ne, a tsara adadin shafuka su rabu daidai. Hoton da ya haye shafi biyu, kada fuska ta faɗa a tsakiya, gindin littafi zai cinye ta. Wanda zai cika shafi a bar masa rarar milimita 3 kowane gefe saboda wuƙar yanka, don kada farin layi ya bayyana.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da rubutunmu. Salon haruffa da yawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai su fito kamar akwati ko su aro wani salon daban. A gwada su tun farko, a kuma kulle haruffan cikin PDF kafin a miƙa. Ƙarƙashin kowane hoto a sa sunan mai zane, sunan aikin, shekara, abin da aka yi shi da shi da girmansa, bayan an karɓi izinin mai zanen a rubuce.