Matakan da za ka bi idan ka ga ɗan biri na sayarwa a Accra

Da farko, kada ka saye shi, ko da tausayi ya kama ka, domin kuɗinka ne zai mayar da mafarauci daji, kuma galibi sai an harbe uwar kafin a ɗauke ɗan.

Na biyu, ka riƙe wurin da ka gan shi, a Nima ne ko Madina, ka sanar da jami'an namun daji na Hukumar Gandun Daji ta Ghana.

Idan ya riga ya shigo hannunka, ka ajiye shi a inuwa da ruwan sha, ka hana yara taɓa shi saboda cizo. Kada ka sake shi a daji. Ka miƙa shi ga jami'an, domin akwai cibiyar renon birai irin su Roloway a dajin Achimota.