Yadda Ake Sare Busasshiyar Bishiya a Kusa da Gini

Busasshiyar bishiya ta fi ɗanya wuyar sha'ani. Ɗanyen itace yana lanƙwasa kafin ya karye, shi ya sa yake bin inda aka nufa da shi. Wanda ya bushe ko ya ruɓe ɓallewa yake yi farat ɗaya. Don haka kafin a tayar da injin yanka itace mai sarƙa, sai an san yawan itacen kirki da ya rage a cikin gindin.

A bubbuga gindin da guduma ta kowane ɓangare. Itace mai lafiya ƙararsa a dunƙule take, mai kogo kuwa amo yake yi. A duba ko akwai laimar kwaɗi a gindi, ko hanyar gara, ko garin itace da ke zubowa daga ƙananan ramuka, ko tsaga a inda manyan rassa biyu suka rabu. Alamar da ta fi kowace muni ita ce bishiyar da ta karkata kwanan nan, ƙasa kuma ta ɗaga ko ta tsage a bayanta. Wannan saiwoyinta sun saki, kada kowa ya hau ta. Idan kogo ne, a huda da doguwar kusa ko abin huda katako a auna kaurin bangon kogon, wato itacen da ya kewaye shi. Masu aikin kan ɗauka cewa in lafiyayyen bangon bai kai kashi ɗaya cikin uku na nisan da ke tsakanin ɓawo da tsakiyar gindi ba, bishiyar ba abin amincewa ba ce. A kuma saurara, don ƙudan zuma da rina suna son kogo.

Sai tsawo. A riƙe sanda a tsaye, tsawonta daidai da nisan ido zuwa tafin hannu in an miƙe shi. A ja da baya har kan sandar ya yi daidai da kan bishiyar, ƙasanta kuma da gindi. Inda aka tsaya, kusan nan kanta zai sauka. In akwai katanga, rufi, wurin ajiye motoci ko hanyar jama'a a wannan tsakanin, ba a kayar da ita a dunƙule, sai gunduwa-gunduwa. In wani reshe ya kusanci wayar lantarki da ƙasa da mita 3, a dakata sai kamfanin wuta ya kashe layin. Masu kallo su tsaya nesa da ninki biyu na tsawon bishiyar. A wurin kasuwanci a killace da igiya, a sa mutum ɗaya aikinsa kawai tare masu wucewa.

Mai yanka ya sa hular kwano, tabarau, abin toshe kunne, takalmi mai ƙarfe a baki da wandon da ke tsayar da sarƙar inji. A share hanyoyin gudu biyu a bayan bishiyar, kowace ta karkace da digiri 45 daga layin faɗuwa. Gudu kai tsaye ta baya kuskure ne, domin gindi kan yi tsalle ya dawo ta nan.

Yankan farko a ɓangaren da ake so ta faɗi ake yin sa. A yi yanka biyu, na sama da na ƙasa, a cire yankin da ke tsakaninsu, a buɗe baki mai zurfin kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na faɗin gindin, buɗewarsa digiri 70 ko fiye. Yankan sama da na ƙasa su haɗu cif. In ɗaya ya zarce ɗaya, bakin zai rufe da wuri, bishiyar ta tsaya a rabin hanya ko ta tsage. Daga nan a koma baya a yanka a miƙe, daidai da kusurwar bakin ko sama da ita kaɗan, a bar tsiri mai kaurin kashi ɗaya cikin goma na faɗin gindin ba a yanke ba. Gindi mai faɗin santimita 40, tsirinsa santimita 4 ke nan. Wannan tsirin shi ke aiki kamar hinjin ƙofa, ya riƙe bishiyar ya juya ta inda ake so. Wanda ya yanke shi ya bar wa iska da nauyi su zaɓa masa.

A busasshen itace tsirin ba ya jimrewa, don haka a nemi wurin da itacen ya fi lafiya, ko da sai an ɗaga yankan sama kaɗan. Da yankan baya ya yi zurfi, a cusa weji na roba, wato abin dokawa mai sirin baki da kaurin baya, a cikin yankan don kada bishiyar ta zauna a kan inji. Na ƙarfe yana lalata sarƙa. A buga shi a hankali, a dakata, a ɗaga kai, saboda girgizar duka tana kakkaɓo matattun rassa, kuma su ne ke faɗo wa mai yanka a ka. In za a ja da igiya, a ɗaura ta tun kafin yankan farko, a ja a hankali. Fizga da mota tana karya kan busasshiyar bishiya ya faɗo baya.

Bishiyar da ta karkata sosai zuwa inda za ta faɗi tana iya tsagewa a tsaye, rabin gindin ya harbo sama. Maganinta a soka inji ta tsakiya a gyara tsirin tukuna, a bar ɗan maɗauri a baya a yanke shi daga ƙarshe. Wannan aikin gwani ne, domin saman bakin inji shi ke sa ya zabura ya dawo wa mai riƙe da shi.

Inda babu fili, gunduwa-gunduwa ake sauke ta daga sama, kowane reshe a ɗaure shi a zuro da igiya. Matacciyar bishiya ba ta da reshen da za a amince masa ya ɗauki mutum, sai a nemo motar da ke ɗaga ma'aikaci a kwando. Tsani da inji a hannu ba sa haɗuwa.

Bayan ta kwanta, a lura da rassan da ta danne, suna harbawa in an yanke su. Kututture kuma a nika shi da inji zuwa santimita 15 ko 30 ƙasa da doron ƙasa, amma sai an tabbatar babu bututun ruwa ko wayar wuta a binne. In gini ko daɓe za a yi a wurin, a tono manyan saiwoyin duka, domin in suka ruɓe ƙasa za ta lotsa.