Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa ƙaramar Dodge Charger ta roba

A jikin kwalin, motar tana sheƙi kamar yanzu ta fito daga kamfani. Idan ka buɗe kuwa, farar roba ce za ka tarar, sassa barkatai manne a jikin rassa, da tayoyi huɗu a leda, da takardar da ke nuna inda kowane sashe zai zauna. Ainihin Dodge Charger R/T ta 1969, wato samfurin wannan motar Amurka mai ƙarfin gudu, ta kai kusan mita 5.3 a tsawo, amma a ma'aunin 1:25 da kamfanonin Amurka irin su AMT da MPC da Revell suka fi amfani da shi, abin da zai tsaya a tafin hannunka kamar santimita 21 ne kawai. A wannan ƙanƙanta, ɗigon gam ɗaya da ya zarce daidai yake da an watsa wa babbar mota kofi guda. Shi ya sa kuskure ba ya ɓuya a wannan aiki.

Ɓarnar farko tun kafin a taɓa gam ake yin ta. Mutum ya kama sashe ya murɗe shi daga reshe da yatsa, sai ya taho da rami ko ya bar farin tabo a gefen. A yanke shi da ɗan nisa daga jikinsa, ko da abin yankan farce ne, sannan a bi ragowar da reza da samfefa. Kuma kada a cire sashe sai lokacinsa ya zo, domin lambarsa a jikin reshen take. Ka tsinke su duka ka zuba a faranti, ka rasa na dama da na hagu.

Sai layin da ke bin bodi. Ana zuba narkakkiyar roba ne a cikin ƙarfe mai ɓari biyu ko fiye, kuma inda ɓarin suka haɗu yakan bar siririn layi a kan kafaɗar mota, daga fitilun gaba har baya. Wasu kayan da ake sayarwa yau daga tsofaffin ƙarafan shekarun 1960 da 1970 ake buga su, saboda haka layin yakan fito sosai. Sabon shiga yana ɗauka fenti zai rufe shi. Fenti mai sheƙi fito da shi yake yi. Ka ɗaga bodin a hasken taga, ka bi da farce, duk inda ya karce ka goge da samfefa mai lamba 400, ka bi da 600, ka ƙare da 1000. Amma ka riƙa duba hoton ainihin motar, kada ka share layukan da Charger ke da su tun asali a jikin ƙofofinta.

Gam na wannan roba narkar da ita yake yi har sassan biyu su zama ɗaya. Don haka kaɗan ya isa, a kan tsinken sakace. Kuma ba ya kama fenti, ba ya kama sassan nan masu ƙyallin azurfa, wato bamba da rim da gaban mota. Sai ka kankare wurin da za su haɗu har ainihin robar ta bayyana, in ba haka ba bayan kwana biyu bambar ta faɗo. Kafin kowane gam, ka gwada haɗa sassan a bushe, ka riƙe su da salatif. Abin da na fi nacewa a kai shi ne gwada shigar da ƙasan mota da kujeru da gilashi cikin bodi tun ba a yi fenti ba. Nan ne za ka gane ko bonet zai rufu a kan inji.

Gilashi kuwa ya sa mutane da yawa sun ajiye aikin gaba ɗaya. Na taɓa manna gilashin baya na Charger da sufa gulu. Wurin a lotse yake tsakanin ginshiƙan rufi biyu, ya zauna daram, na kwanta da murna. Da safe na tarar da farin hazo ya mamaye shi daga ciki, har da zanen babban yatsana a kusurwar hagu, tsaf kamar an ɗangwala. Tururin wannan gam ne ke yin haka, kuma ya fi kama inda maiƙon hannu ya taɓa. Farin gam na kafintoci shi ne na gilashi: idan ya bushe ba a ganinsa, wanda ya zarce kuma a share da jiƙaƙƙen tsumma.

A wajen fenti ne sauri ke haifar nawa. Da farko a wanke bodi da ruwa da sabulun wanke-wanke, a bar shi ya bushe da kansa. Sannan a fesa fentin shimfiɗa, mai ruwan toka ko fari. Masu tsallake wannan mataki sukan gamu da abu biyu. Idan robar ja ce aka fesa mata fari, jan yakan ɓullo ta koma ruwan hoda. Idan kuma fentin gwangwani na ainihin motoci aka samo, ƙarfinsa yakan ci robar ta yamutse kamar fatar kada. Haka nan ba kowane fenti ke zama a kan ɗan'uwansa ba: fentin lacquer mai saurin bushewa a kan fentin enamel mai jinkirin bushewa tattare shi yake yi. Dabarar da ba ta da tsada ita ce cokalin roba. Duk abin da za ka fesa wa motar, fara fesa wa bayan cokali bi da bi, ka ga yadda za su zauna.

Wajen feshin, gwangwani ya tsaya kamar santimita 20 zuwa 25 daga bodi. Ka fara danna shi kafin ka iso kan motar, ka saki bayan ka wuce ta. Idan ka matso kusa fenti zai zuba ya yi hawaye, idan ka yi nisa zai bushe a iska ya sauka da kaushi kamar ɓawon lemo. Shafa biyu na farko su zama sama-sama, har kana hango shimfiɗar ta ƙasa, da tazarar kamar minti 15, sai na ƙarshe ya ɗan jiƙe. A yi shi a waje ko inda iska ke shiga, da takunkumi. Mu da hunturu ke kawo wa ƙura, sai a tanadi kwali ko babbar robar abinci a kife a kan motar da zarar an gama. In kuwa ƙwayar ƙura ta riga ta faɗa, ka ƙyale ta. Garin neman gira ake rasa ido: yatsa ɗaya a ɗanyen fenti ya fi ƙurar muni. Bayan ya bushe sarai sai a goge ta da samfefa mai lamba 2000 da ruwa. Enamel na iya cin mako guda ko fiye, kuma muddin kana jin warin fenti idan ka kai hanci, bai gama ba. Kada a shanya shi a rana don ya yi sauri, rufin zai lanƙwashe.

Akwai kuskuren da masu son waɗannan motoci ke hangowa daga nesa, shi ne launi. Da yawa suna shafe ɗakin inji da baƙi. A motocin Chevrolet da Pontiac na wancan zamani haka yake, amma Dodge da Plymouth launin bodi suke bai wa ɗakin injinsu. Charger ɗinka idan ja ce, cikin bonet ma ja ne. Injin 426 Hemi, ɗaya daga cikin injinan Charger, ruwan lemo ne, murafen samansa baƙaƙe masu kaushi, kuma wayoyin fulogi ta tsakiyar murafen suke shiga. Minti goma na duba hotunan ainihin motar sun ishe ka kauce wa wannan.

Sitika, irin zanen nan da ya kewaye wutsiyar R/T, a ruwa mai ɗumi ake tsoma ta daƙiƙa kaɗan, a ajiye har ta fara zamewa daga takardarta da kanta. Jan ta da ƙarfi yaga ta yake yi. Kuma fenti mai santsi take so, domin a kan mai kaushi iska na maƙalewa ƙarƙashinta ta yi fari-fari.

Tayoyi su ne na ƙarshe, kuma a nan ake samun mota mai ɗage ƙafa ɗaya. Ka goge ƙasan kowace taya da samfefa don layin tsakiya ya ɓace, ta yi kama da wadda ta taka kwalta. Sannan ka sa gam mai jinkirin bushewa, ka ɗora motar a kan gilashi ko tayil, ka sunkuya har idonka ya yi daidai da tebur, ka tabbata duka huɗun sun taɓa ƙasa. Ka tokare su da kwalayen ashana ta gefe, ka bar ta ta kwana a haka.