Kurakuran da muke tafkawa wajen siyan waya ta hannu a Kaduna

Tun da dala ta tashi a 2023 kuɗin waya ya bi bayanta bai dawo ba, shi yasa yanzu sabuwa a kwali ta fi ƙarfin da yawa daga cikinmu, kowa ya koma ta hannu, ko tokumbo da aka shigo da ita daga waje ko wadda wani ya riƙe a nan gida ya gaji da ita ya kai kasuwa. Kuma ba laifi bane, akwai ta hannun da zata yi maka shekaru lafiya lau. Inda matsalar take shine yadda muke siyan, kuma in ka bi diddigi yawancin waɗanda aka cuta ba rashin wayo bane ya ja musu, kunya ce da gaggawa. Mutum zai shiga shago a Ahmadu Bello Way ko wajen Santar Maket, mai shago ya tarbe shi da fara'a, Alhaji bismillah ga kujera, a kawo maka ruwa? shikenan sai nauyi ya kama shi, ya juya wayar gaba da baya, ya ɗauki hoto ɗaya yaga yayi kyau, ya biya ya fita, wai kar ace yana zargin bawan Allah. Toh ai gwada kaya ba zargi bane, kuma ɗan kasuwan kirki shi da kansa zai ce maka zauna ka duba. Wanda ya fara tsaki yana duba agogo don ka ce zaka saka layinka, ka miƙa masa kayansa kace Allah ya ba da kasuwa.

Lokacin zuwan ma ana kuskure a kai. Kar kaje dab da magariba ana ta haɗa kaya, kai kana saurin samun keke zuwa Rigasa ko Kawo shi kuma yana saurin rufe shago. Ka je da hantsi, da layinka mai data, da cajarka, ka ware aƙalla rabin awa na zama.

Babban kuskuren da yake kai mutum har bayan kanta shine siyan wayar da ba a san asalinta ba. Yaro ya tare ka a bakin tasha ko a cunkoson kasuwa, ya ɗan zaro waya daga aljihu yace mahaifiyarsa ce ba lafiya, kawo rabin kuɗinta. In an yi sa'a matacciya ce ya liƙa maka, in ba a yi sa'a ba ta ƙwace ce, kuma duk wanda yake garin nan ya san yadda ƙwacen waya yake. Kowace waya tana da lambarta mai suna IMEI, lambobi 15 ne, da ita ƴan sanda suke bibiyar wayar sata, ranar da ka saka layinka a ciki kai za a fara samu, layin da aka haɗa da NIN ɗinka da sunanka da hotonka, shi kuwa yaron ya ɓace. Maganin abun mai sauƙi ne. Ka danna *#06# lambar zata fito, in akwai kwali ka gwada da wadda ke jikin kwalin ka ga ko sun zo ɗaya, sannan a rubuta maka rasit mai sunan shago da lambar wayar mai shagon da kwanan wata, ita lambar IMEI ɗin a rubuta ta a jiki. Rasit ɗin da aka rubuta “waya ɗaya” kawai da kuɗi ba zai fitar da kai ko'ina ba. In daga hannun mutum zaka siya ba shago ba, ya kawo rasit ɗinsa na asali, in babu ku rubuta takarda da shaida, ka ɗauki hoton katin shaidarsa. Eh zai ji wani iri, ya ji ɗin.

Sai maganar kulle. Waya zata iya zama halal ɗin mai ita amma tana kulle da akawun ɗinsa, iCloud a iPhone, akawun ɗin Google a su Tecno da Samsung da Redmi. Sai kaji ance ai ba komai in ka je gida ka yi mata falashin. Kar ka yarda. In aka goge waya ba a cire akawun ɗin tsohon mai ita ba, tana kunnuwa shi zata tambaya, kuma na iPhone ɗin in ta kulle ba mai gyaran da zai buɗe maka ita buɗewar gaskiya, sai dai dabaru da suke warwarewa daga baya. A gabanka za a cire akawun ɗin, a gabanka za a goge ta gaba ɗaya, ka kunna ta da layinka da data ka saka naka, in ta wuce ta kai ka har fuskar waya toh madalla. Wannan gwajin yana taimakawa wajen kama wani abun kuma, wato wayar bashi, irin wadda ake ɗauka ana biya kaɗan kaɗan. Wani zai ɗauka ya biya kafin alƙalami ya kawo ta kasuwa ya saida, kai kana zamanka bayan sati biyu sai ta rufe kanta da saƙon a biya bashi. In ka ga wata manhajar kamfanin bashi da ta dawo bayan an goge waya kuma ta ƙi cirewa, ajiye ta.

Masu son iPhone ku matso, nan ne aka fi shan mutane domin yawanci bayan wayar ake kallo, idon kyamara nawa ne da ita. Akwai XR da ake cire mata jiki a saka mata na 13 Pro ko 14 Pro, daga nesa ido uku reras amma ɗaya ne ke aiki sauran ado ne. In an faɗa maka gaskiya kuma kuɗin XR ka biya, ruwanka, amma kar a karɓi kuɗin babba a baka ƙarama, ka shiga saitin ka duba wajen bayanin waya zata faɗi sunanta na gaskiya. A nan wajen dai, in wayar ba tsohuwa can bace, tana nuna ko an taɓa canza mata sikirin ko batir ko kyamara da wanda ba nata ba. Ka duba lafiyar batir, in ya sauka ƙasa da 80 ka lissafa kuɗin sabon batir a cikin cinikin, in kuma ka ga wayar da ta shekara biyar tana nuna 100 cif kar murna ta kama ka, ko an canza batirin ko an yi wa lambar dabara, ka kunna bidiyo na minti goma kana kallon yadda cajin ke sauka shine zai faɗa maka gaskiya. Ka saita Face ID, wato buɗe waya da fuska, da fuskarka a take, in ta ƙi toh ta lalace kuma gyaranta tsada gare shi, ba kowa ma ke iyawa ba. Wani abun da mutane basu lura dashi ba, daga iPhone 14 zuwa sama waɗanda aka yi don Amurka ba su da gidan sim kwata kwata sai eSIM, wato layin da ake saitawa a cikin waya ba tare da katin sim ba, in ka ga ta Amurka da gidan sim to buɗe ta aka yi aka ƙirƙira mata. Sannan don Allah a daina siyan iPhone 6 don kawai a ce ana riƙe da iPhone, tun 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan 5s da 6 da 6 Plus, waya ba WhatsApp a garin nan me za a yi da ita.

Ɓangaren Android kuma lambobin jikin kwali ne ke ruɗar mu. Kaga an rubuta RAM 8+8, RAM ɗin shine ƙwaƙwalwar da waya ke gudanar da aiki da ita, kace ka samu 16, alhali 8 ce ta gaske, ɗayar aro ce daga ma'ajiyar waya kuma bata kai ta gasken gudu ba. Haka yawan megafiksel, ba shi ke nuna kyan hoto ba, ka ɗauka a cikin shago inda ba haske sosai ka gani da idonka. Ma'ajiya kuwa in kana cikin guruf ɗin dangi da na unguwa da na ƴan ajinku ana ta turo bidiyon biki da wa'azi, 64GB ba zata kai ka ko'ina ba, ka daure ka nemi 128. In Samsung ce ka danna *#0*# zai buɗe maka wajen gwaji, ka gwada launuka da taɓawa lungu lungu, domin ana yawan cire sikirin ɗinta na asali a saka mai araha, alamarsa launi ya dushe, gefe yayi kauri, in mai karanta yatsa a cikin sikirin yake sai ya daina aiki.

Sauran gwajin ba sai an tsaya dogon bayani ba. Gidan sim duka biyun, ka kira wani ka tambaye shi yana jinka sosai, sifika, maɓallan gefe, kyamarar gaba da baya, ka jona caja ka ɗan motsa wayar cajar ka ga ko yana yankewa.

Ciniki ma akwai inda muke kashe kanmu. Kana shiga ka fara wallahi irin wannan nake nema tun bara, toh ka gama taya wa kanka. Ka zaga shago uku ko huɗu ka ji farashi kafin ka zauna a ɗaya. Waɗannan samarin da ke tare ka tun daga bakin titi, yaya me kake nema zo in kai ka, ƴan kamasho ne, neman halak ɗinsu suke ba laifi, amma ka sani la'adarsu a cikin kuɗinka take. Kuma in ka ga farashi ya faɗi ƙasa da na kowa sosai kar kace ka yi dace, araha bata ado, tambaya zaka ƙara. Ni a ganina gara ka biya ɗan sama kaɗan a shagon da ka san gobe in ka dawo zaka same shi a wajen, da ka samu ragin dubu goma a hannun wanda tebur ɗinsa ke naɗewa.

Wajen biya, in tiransifa zaka yi ka duba sunan da ya fito, in ba na shagon bane ko na mai shagon ka tambaya dalili, kuma a rubuta a rasit. Garantin baki ba garanti bane, in yace sati ɗaya in ta bada matsala ka dawo da ita, ya rubuta ya sa hannu, ka kuma tambaye shi kuɗi zai mayar ko canji. Masu saidawa a Facebook da sitatus ɗin WhatsApp kuwa, kar ka tura ko sisi kafin waya ta zo hannunka, ku haɗu da rana a wajen jama'a. Hajiyoyi da ƴan mata da ke aiken ƙani ko direba ya siyo, ku ma a tura masa wannan ya bi, domin ɗan aike shi ya fi kowa gaggawa.

Masu musaya, wato ka bada tsohuwarka ka cika kuɗi, kuskurenku ya fi na kowa haɗari. Mutum zai cire sim kawai ya miƙa waya, hotunan iyali na ciki, manhajar banki na ciki, imel a buɗe. Ka kwashe kayanka tun a gida, ka fita daga akawun ɗinka, ka goge ta tas, ka cire memori. Layinka kuma ka saka masa PIN, domin yanzu wanda ya samu layinka kusan ya samu asusun bankinka ne ta hanyar lambobin USSD ɗin nan.

Bayan an siya kuma sai a zo a kashe ta da cajar ɗari biyar ta cikin gosulo. Ka kashe kuɗi masu yawa a waya ka yi rowar caja, ita ce zata cinye batirin ta ƙona wajen cajin. In nepa ta kawo wuta kar ka yi wuf ka jona a take, ka bari ta ɗan zauna, lokacin dawowarta ne ta fi zuwa da ƙarfi, haka ƙaramin janareta in yana shirin mutuwa ka zare. Fawa bank ma a kula, wanda aka rubuta 50,000mAh amma ka ɗaga ka ji shi sakayau ƙarya ne, na gaske nauyi gare shi, kuma ko na gasken ba duka yake baka ba, mai 20,000 abun da zai shiga wayarka bai fi 12,000 zuwa 13,000 ba saboda asarar da ake yi wajen juya wutar, don haka kar kace an cuce ka in bai cika wayarka sau huɗu ba.

Zafin Maris da Afrilu na garin nan batir baya sonsa, kar ka bar waya a gaban mota cikin rana, kar ka jona caji ka tura ta ƙarƙashin filo kana barci. Da hunturu kuma ƙura ke cika ramin caji sai waya ta fara ƙin ɗauka, mutum ya ɗauko allura ya soka ya lalata haƙoran ciki, alhali kashe wayar zaka yi ka sa tsinken sakace a hankali ko ka kai a hura maka. In ruwan Agusta ya jiƙa ta kar ka jona caji, kar ka yi ta dannawa don ka ga ko tana aiki, kuma batun binne ta a cikin shinkafa ba ya fitar da ruwan da ya shige ciki, kashe ta zaka yi ka kai wa mai gyara ya buɗe ya busar tun kafin tsatsa ta kama. In Tecno ce ko Infinix ko itel, duk kamfani ɗaya ne ke yinsu wato Transsion, kuma Carlcare ne wajen gyaransu, in da sauran garanti a kanta can zaka fara kaiwa kafin kowa ya kwance ta, domin da zarar wani ya buɗe garantin ya tashi. In kuma wajen mai gyaran unguwa ne, ka cire sim da memori, in gyaran na minti talatin ne ka zauna a yi a gabanka, in kwana zata yi ka tambaya me za a canza da nawa, kuma kace a ajiye maka tsohon kayan da aka cire.