Darasi na 9: Sankarar Mama da Maganin da ke Bin Sawunta

Wata mata daga ƙauyen Gaya ta ji ƙullutu a nononta na hagu, ba zafi. Kafin wata huɗu ya kai girman ƙwan kaza. Surukarta ta ce, "Kul, kada a taɓa shi da allura, daji ba ya son ƙarfe." Mijinta dai ya kai ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Likita ya ɗebi 'yar tsoka da allura, aka kai ɗakin gwaji. Wannan gwajin shi ne tushe, domin sankarar mama kala-kala ce. Sakamako ya nuna tata mai HER2 ce. HER2 wani sinadari ne da ke jikin ƙwayoyin cutar, yana zuga su su yi ta hayayyafa. Kusan mace ɗaya cikin biyar masu sankarar mama ke da irin wannan, kuma tana da saurin yaɗuwa.

Manomi ya san bambancin feshin da ke ƙona duk abin da ya tarar da cire wuta-wuta daga gindin gero. Maganin kemo, mai kashe ƙwayoyin sankara, kamar feshin yake, shi ya sa gashi ke zubewa. Trastuzumab kuwa, wanda ake sayarwa da sunan Herceptin, HER2 yake nema ya liƙe masa. An fara amfani da shi a Amurka a 1998. Ana sa shi ta ƙarin ruwa duk bayan mako 3, yawanci tsawon shekara guda, kuma galibi tare da kemo da tiyata ake haɗa shi.

Trastuzumab yana iya raunana zuciya, saboda haka ana yin hoton zuciya kafin a fara, ana kuma maimaitawa. Mai ciki ba ta karɓarsa.

Tsada kam akwai ta, ba ɓoye-ɓoye. Amma akwai makamantansa masu rangwame. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na farkonsu a 2019. Ku tambayi likita.

Akwai kuma wadda gwaji bai nuna mata HER2 ba. Ita kam, trastuzumab ba zai yi mata komai ba, ko da an sayar da gona an saya.

Aikin aji: Rubuta tambaya ɗaya da za ki yi wa likita ranar karɓar sakamako.