Yadda Ɗan'uwa Zai Rubuta Tunawa da Sherif ɗin Karkara da Ya Rasu a Bakin Aiki

Idan sherif ya rasu a bakin aiki a Amurka, hukuma tana da nata tsarin karramawa da ta saba: abokan aiki su ɗaura baƙin ƙyalle a kan bajonsu, motoci su yi jerin gwano zuwa maƙabarta, a naɗe tuta a miƙa wa iyali, sannan a kira lambarsa ta oba-oba kira na ƙarshe, ba tare da an sami amsa ba. Wa ko ƙane ko 'yar'uwar da suka fito ciki ɗaya yakan kasance a sahu na biyu, domin hankalin jama'a yana kan matar da 'ya'ya da iyaye, amma sau da yawa shi ake roƙa ya rubuta wani abu, tun da shi ne ya san mamacin tun kafin ya sa kaki.

Kalmar sherif a nan ba ta da alaƙa da sharifan da muka sani. Shi ne shugaban jami'an tsaro na gunduma, kuma a kusan dukkan jihohin ƙasar jama'a ne suke zaɓensa da ƙuri'a, galibi na wa'adin shekara 4. Akwai ofisoshin sherif fiye da 3,000, kuma su ne suke kula da gidan yarin gunduma, da tsaron kotu, da kai sammaci, da sintiri a ƙauyukan da ba su da 'yan sandan gari. A gundumar karkara mai mutane ƙalilan, sherif yakan san wanda zai kama, ya san uwarsa, wataƙila ma ajinsu ɗaya a firamare, don haka mai rubutu ya sani cewa waɗanda za su karanta sun san mamacin ido da ido, kuma za su gane ƙari nan take.

Aikin farko shi ne tattara abin da yake tabbatacce: shekarar da ya fara aiki, shekarar da aka zaɓe shi, ranar rasuwa da wurin da abin ya faru. A nemi waɗannan daga ofishinsa da kuma tsofaffin bugun jaridar gunduma, kada a dogara da abin da aka ji a zaman makoki, inda kowa yake da tasa ruwayar. Idan kashe shi aka yi kuma shari'a tana gaban kotu, a tuntuɓi lauyan gwamnati kafin a wallafa komai, a kuma guji yanke wa wanda ake tuhuma hukunci a cikin rubutun.

Labarin rasuwar kansa bai kamata ya wuce 'yan jimloli ba, kuma ba ya buƙatar ado. Sherif John Williams na gundumar Lowndes a Alabama, wanda aka fi sani da Big John, an harbe shi ne a wani gidan mai a garin Hayneville ranar 23 ga Nuwamba, 2019. Eugene Crum na gundumar Mingo a Birjiniya ta Yamma yana cin abincin rana a cikin motarsa aka harbe shi a Afrilun 2013, watanni uku kacal da kama aiki. Sam Catron na gundumar Pulaski a Kentaki kuwa ajali ya riske shi a wurin taron cin soyayyen kifi lokacin yaƙin neman zaɓe a 2002. Wuraren nan duka na yau da kullum ne, kuma faɗinsu yadda suke ya fi girgiza mai karatu fiye da tarin kalmomin jarumta.

Inda ya kamata a daɗe shi ne ƙuruciya da zaman gida, domin abokan aiki za su yi maganar ƙwazonsa, gwamna zai aiko da saƙon ta'aziyya, amma babu wanda zai iya faɗin yadda yake a shekara 9 sai ɗan'uwansa. Maimakon a rubuta cewa mutumin kirki ne mai son jama'a, wanda ana faɗa a kan kowane mamaci, a zaɓi abu biyu ko uku da aka gani da ido. Misali, ranar da iyali suka taru kan abinci, wayarsa ta yi ƙara, ya ajiye cokali ya ɗauki hula domin shanun wani sun karya shinge sun hau kwalta cikin dare, aka rufe masa kwanonsa har ya huce. Ko kuma yadda yake ajiye bindigarsa a saman kabad tun daga bakin ƙofa kafin ya ɗauki ɗan ƙanwarsa. A rubuta abin da aka gani, da abin da ya faɗa idan ana tuna lafazinsa daidai. Idan ba a tuna ba, a ba da ma'anar kawai, kada a ƙirƙira masa magana.

A ganina, rubutun da bai nuna ko da aibi ɗaya ba yana kama da takardar yabo ta ofis. Idan yana da taurin kai, ko ya sha saɓa alkawarin zuwa bikin dangi saboda aiki, a faɗa da ladabi, har da haushin da aka ji a lokacin, domin wannan ne yake nuna abin da sadaukarwar ta ci wa iyali. Sai dai a nuna wa matarsa da iyaye rubutun kafin kowa ya gani. Haka nan kada a ambaci sunayen mutanen da ya taimaka, kamar matar da ya raba da mijin da yake dukanta ko yaron da ya yi wa faɗa ya sallama, saboda a ƙaramar gunduma ko kwatance kaɗan ya isa a gane su, kuma asirin da ya rufa yana raye bai kamata ya tonu ta hannun ɗan'uwansa ba.

Idan za a karanta a wurin jana'iza, minti 4 ko 5 sun isa. A karanta shi da ƙarfi a gida sau biyu, a kuma ba wani kwafi ya tsaya kusa, ko da murya za ta sarƙe.

Bayan jana'iza akwai wuraren da rubutun zai zauna. Shafin intanet na Officer Down Memorial Page, wanda aka kafa a 1996, yana buɗe wa kowane jami'in da ya rasu a bakin aiki shafinsa, kuma dangi suna iya barin saƙo a ƙarƙashinsa. Ƙungiyar Concerns of Police Survivors, mai tallafa wa iyalan jami'an da suka rasu a bakin aiki, da aka kafa a 1984, tana shirya zama na musamman domin 'yan'uwan mamata, inda za a sami masu sauraron da suka ɗanɗani irin wannan rashi. A birnin Washinton kuma akwai bangon ƙasa na tunawa da jami'an tsaron da suka rasu a bakin aiki, wanda aka buɗe a 1991, mai ɗauke da sunaye fiye da 20,000. Ofishin da mamacin ya yi wa aiki ne yake cika takardar neman a sassaƙa sunansa, don haka ɗan'uwa ya bibiya ya tabbata an aika, an kuma rubuta sunan daidai, tun da ƙaramin ofishin da ya rasa shugabansa yana iya shagala. Ana karanta sababbin sunaye a taron kunna kyandir na daren 13 ga Mayu, kwana biyu kafin ranar tunawa ta 15 ga Mayu da aka ayyana a 1962 zamanin Shugaba Kennedy. Wanda ya samu zuwa yakan ɗora farar takarda a kan dutsen, ya goga fensir a hankali har haruffan sunan su fito, sannan ya haɗa takardar da rubutunsa ya ajiye wa 'ya'yan mamacin.