Idan Gilashin Gaban Jirgi Ya Tsage Kana Sama

Ƙannena 'yan Birnin Kebbi da Argungu da ke koyon tuƙin jirgi a Zariya, wannan batu ina so ya zauna muku a ka tun kafin ku hau manyan jirage.

Gilashin gaban jirgi fallaye ne a manne, da abin ɗumama na lantarki a tsakani don kada ƙanƙara ta kama shi. Galibi fallen waje ne ke tsagewa, kuma ba shi ke riƙe matsin iskar cikin jirgi ba. Ƙarar dai za ta razana ka, kamar an harba bindiga a kunnenka.

Fara da ɗaure bel ɗin kafaɗa, kai da abokin tuƙinka. Ɗaya ya riƙe jirgi, ɗayan ya buɗe littafin gaggawa. A jiragen Airbus, za ka bi tsagar da bakin biro ko farce. In ka ji santsi, ciki lafiya lau, tafiya ta ci gaba. In biron ya cije, to tsagar ta shigo ciki: sauko ƙafa 23,000 ko ƙasa da haka, ka rage matsin iskar ciki. In kuwa tartsatsin wuta ka gani, katse wutar ɗumama ta wannan ɓangaren.

In gilashin ya fita ɗungurungum, takunkumin oksijin kafin komai, domin a ƙafa 35,000 daƙiƙa 30 zuwa 60 ne hankali ya gushe. Sannan ka yi ƙasa zuwa ƙafa 10,000 in duwatsu sun bari, ka sa lambar 7700 mai sanar da masu kula da zirga-zirgar jirage cewa kana cikin gaggawa, ka nufi fili mafi kusa. Rugugin iska zai iya hana ka jin rediyo.

Dalilin nacina kan bel ke nan: a 2018, gilashin jirgin kamfanin Sichuan na ƙasar Sin ya fita a hanyar Lhasa, iska ta fizgi rabin jikin mataimakin matuƙi waje, bel ya riƙe shi, Kyaftin Liu Chuanjian ya sauke su a Chengdu. A 1990 a Ingila ma gilashi ya fita, iska ta fizgi Kyaftin Tim Lancaster waje, ƙafafunsa ma'aikata suka riƙe har aka sauka a Southampton. Bincike ya gano kusoshi 84 cikin 90 na gilashin sun yi siranta.

Ko ana azalzalar ku a filin Birnin Kebbi lokacin jigilar alhazai, ku tsaya ku duba gefen gilashin. Tabon ƙuna, kumfa tsakanin fallaye ko robar da ta ɓanɓare, ku rubuta, ku kira injiniya ya gani kafin a rufe ƙofa.